Ruwan Unguwa Duka a Gindin Katangata

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Ci Gaban Unguwar Gawo Biyu, Daura, da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Allah ya sa daminar bana ta yi albarka, ya tsare mu daga sharrinta, amin.

Ranka ya daɗe, ni ce Malama Rabi, matar marigayi Malam Isiyaku, mai gidan ƙarshe a Layin Burtali, wanda ke jikin lungun gabas. Ka san ni, ka san gidan, domin kana cikin waɗanda suka ɗauki maigidana daga zauren nan zuwa makwancinsa. Na rubuto wannan takarda a fili ne, a sa ta a zauren unguwa na waya inda kuke sa labaranku, saboda duk hanyar da mace mai mutunci za ta bi a asirce na bi, ko kallo ban samu ba. Maganata ɗaya ce. Katangar gidana ta gabas tana shirin faɗuwa, kuma ruwan da kwamitinku ya juyo mata ne yake cin gindinta.

Bari in ɗan koma baya, saboda yawancin waɗanda za su karanta wannan baƙi ne a unguwar. Lokacin da muka sayi fegin nan, ina koyarwa a firamare, babu komai a wajen sai gonakin gero da burtalin da makiyaya ke bi da shanu zuwa kwari. Dangi har tsiya suke mana, wai mun bar gari mun tare a daji. Da bulo ɗai-ɗai muka tashi gidan. In an yi albashi a sayi siminti, in babu a jira. Ɗaki guda muka fara rufewa muka shiga, ƙofarsa ma kwano ne aka jingina. Duk shekarun nan ruwa bai taɓa shigo mana ba, don yana da hanyarsa: ya gangaro ta burtali, ya wuce ƙofarmu, ya faɗa kwari. Manoman da suka sayar mana da wurin sun ja mana kunne kada a taɓa burtalin nan, mu kuwa ba mu taɓa ba.

Gari ya bunƙasa ya iso inda muke. Wallahi na yi murna. Na samu maƙwabta, an jawo wuta, an gina masallaci, mai kayan miya ya zo kusa. Sai dai duk wanda ya zo gini sai ya zuba tifa-tifa ta ƙasa ya ɗaga harsashinsa ya fi na wanda ya tarar, na bayansa kuma ya zo ya fi shi. Mu da muka riga kowa zuwa muka wayi gari a cikin rami. Wannan ban ɗora wa kowa laifinsa ba, kowa gidansa yake karewa. Abin da ya kawo ni gabanka daban ne, ga shi.

Na farko, toshe bakin burtali. A daidai inda ruwa ke faɗawa kwari aka kafa fegi, aka jera shaguna. Ban san wanda ya sayar da wurin ba, ban kuma ce kwamiti ne ba, ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Amma a gaban idonku aka haƙa, aka zuba kankare, aka rufa kwano, har aka yi walimar buɗewa wasunku suka ci shinkafa. A cikinku babu wanda ya tambaya ina ruwan zai bi.

Na biyu, kuma nan ne gaɓar maganar, yadda aka yanke shawara. Da ruwan farkon daminar bara ya rasa mafita ya kwanta a layi, motoci suka riƙa maƙalewa, sai kuka kira taro. A ina? A ƙofar masallaci bayan la'asar, kamar yadda kuka saba. Ina tsakar gida na ji sanarwa a lasifika, wai masu gidaje su tsaya bayan salla. Ni ma mai gida ce, Alhaji. Amma kai ma ka san mace ba ta zuwa ta kutsa cikin maza a ƙofar masallaci. Da na yi haka, kafin magariba labarin rashin kunyata ya kai Zango. Ɗana Aminu kuwa yana can nesa wajen karatu. Sai na zauna ina kyautata zato, na ce ai dattawa ne, abokan marigayi ne.

Abin da ya faru a wajen bai ɓoyu ba, don maza suna ba matansu labari, matan kuma muna haɗuwa a gidan suna. An ce a yanka wa ruwa hanya ta lungun yamma, mai gidan wajen ya miƙe ya ce sam, nan yake fito da motarsa. An ce to ta tsakiya, wani ya tashi ya ce rijiyarsa tana kusa. Haka aka yi ta zagayawa, kowa ya tsaya a kan ƙofarsa. Da aka zo kan lungun gabas, babu wanda ya miƙe. Sai aka ce to an amince ke nan, aka shafa fatiha aka watse. Haba Alhaji! Wa ya amince? Mai lungun tana cikin gida tana tankaɗen garin tuwo, ba ta ma san ana maganarta ba. Ruwan unguwa guda aka ɗauka aka kai gidan da babu namijin da zai ɗaga murya.

Na uku, gayya. Wannan ita ce ta fi ci mini rai har yau. An bi gida-gida an ce za a yi gayyar gyaran layi, mata su taimaka da abin sha. Na tashi da sassafe na dama kunun tsamiya fal bokiti, na soya ƙosai, na aika. Ina jin ƙarar diga da shebur a bayan katangata ina sa musu albarka. Wallahi tallahi ina sa musu albarka! Sai da yamma na leƙa waje, na ga an yanka rami a jikin katangata tun daga layi har kwari, ba bulo ba siminti, rairayi tsura. Aka kuma sa hotuna a zauren waya, ana ta yabo, Allah ya saka wa kwamiti, unguwa ta ci gaba. A cikin hotunan nan akwai wanda ake ganin bokitina a gefe.

Na huɗu, abin da ruwan ya yi. Kowa ya san ƙasar Daura, rairayi ce, ba ta jure gudun ruwa. Damina ɗaya ta isa ta zaizaye gindin katangar. Yanzu harsashin yana fili, mutum zai iya zura hannu a ƙarƙashinsa. Tsaga ta taso daga ƙasa har sama, daidai ɗakin mahaifiyata Inna, tsohuwar da ba ta iya tashi sai an kama ta. Da rana tana kwance tana hango haske ta cikin bango. Rariyar da ke fitar mana da ruwa ta koma shigo mana da shi, da ledoji da ƙazantar gidajen da ban ma san masu su ba. Na ɗauke Inna na mayar da ita ɗakina, ni na koma tabarma. Na kira magini ya duba, ya tokare katangar da azara, ya ce in bar ɓarnar siminti, muddin ruwan nan yana bi ta nan duk gyaran da aka yi aikin banza ne.

Kada a ce ban yi magana ba. Na aika garin Sandamu aka kira mini ƙanen maigidana, Malam Sani, ya baro gonarsa ya hawo babur ya zo taronku na gaba. Aka karɓe shi da fara'a, aka ba shi wuri, amma da ya buɗe baki aka ce masa shi ba mazaunin unguwa ba ne, taron na masu gida ne. To mai gidan ba ta da damar zuwa, wanda ta wakilta kuma ba mai gida ba ne. Wa ya rage ya yi magana, katangar? Na cire kunya na je wajen Hajiya uwargidanka, ta karɓe ni hannu bibbiyu, Allah ya saka mata. Saƙon da ta dawo mini da shi daga gare ka shi ne in yi haƙuri, ramin na wucin gadi ne, da damina ta wuce za a gina shi. Damina ta wuce. Kaka ta wuce. Rani guda na zuba ido, ko tsakuwa ɗaya ba a sauke ba. Ga shi ruwan bana ya sauka, ramin ya ƙara faɗi.

Wanda ya zo ƙofata a maimakonku dillali ne. Ya yi sallama da ladabi, ya ce ya ji gidan yana da matsalar ruwa, akwai mai son ya saya ya rushe ya cike wurin, in huta. Ban ce wani ne ya turo shi ba, Allah ne masani. Mamaki kawai nake yadda kukana ya kasa kaiwa ƙofar masallacin da nake jin kiran sallarsa daga ɗakina, amma ya kai kunnen dillalai. To a gaya wa duk mai jira: ba na sayarwa. A gidan nan na haifi 'ya'yana, a nan mijina ya cika, ba kuma ruwan kwatar wani ne zai fitar da ni ba.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, ba kuma sadaka nake nema ba.

A janye ramin nan daga jikin katangata, a gina shi da bulo da siminti, yanzu, ba bayan damina ba. A zauna da mai shagunan nan a buɗe wa ruwa tsohuwar hanyarsa, ko da kwalbati za a saka a ƙarƙashi. In abin ya fi ƙarfin kwamiti a kai shi ga hukumar da ta dace, ni zan yafa mayafina in bi ku in faɗi abin da na sani. A tayar mini da katangata, tunda gayya ce ta kwance ta gayya ta gyara ta, sai dai wannan karon kowa ya zo da kununsa. Sannan a daina yanke hukunci a kan gidan da ba a tambayi mai shi ba. Ba ni kaɗai ce mace mai riƙe da gida a unguwar nan ba, muna da yawa, kun san mu. Ko a aiko a ji ta bakinmu, ko a mayar da taro makaranta inda kowa zai iya zama.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na kasa ƙara jira. Katangar nan ba ciki ta karkata ba, waje ta karkata, kan lungu. Ta lungun nan yaran unguwa ke yankewa zuwa Islamiyya. In an yi ruwa an ɗauke har tsayawa suke a gindinta suna wasa a ramin. Tun da na lura, kullum da yamma nake fitowa da kujerata da 'yar tsumagiyata in zauna a bakin lungu ina kora su su zagaya. Sun sa mini suna masifaffiya, suna hango ni suna dariya suna gudu. Jikokinka biyu suna cikinsu, Alhaji, ƙaramar ma ita ta fi kowa son ramin. Ni kaɗai ce, ga tsohuwa a kwance tana kirana, wani lokaci dole in shiga in bar lungun ba kowa. Na faɗa muku a gaban jama'a, kun ji, Allah kuma ya ji.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama shugabancin nan lafiya. Allah ya tsare 'ya'yanmu da jikokinmu, ya riƙe katangar nan har ku zo.

Wassalam.

Malama Rabi Isiyaku,
gidan ƙarshe, Layin Burtali.