Kifin Gwangwanin Baban Hansai

Baban Hansai,

Na wuce makaranta, ban so in tashe ka ba. Kokonka yana cikin filas. Babu ƙosai, ka san dalili.

Jiya ka burge ni ƙwarai. Likita ya hana ka maiƙo saboda hawan jini, sai ka zaga kantuna tun daga Abakpa har cikin gari, ka samo kifin gwangwani mai ruwa, ka ture mai man da na saya can ƙuryar kabad. Ka zaunar da mu ka yi mana lacca, har ni da nake koyar da kiwon lafiya a aji huɗu na ƙaru. Sannan ka ɗanɗana, ka ce lami ne, ka tuttula masa man gyaɗa har kifin ya koma iyo. Ka suɗe kwanon tas da burodi.

Don Allah yau ka je awon jinin nan, kada aikin ofis ya sake riƙe ka. Ni da yarinyar nan ba mu da wani kai a ajiye. In likita ya tambaye ka abin da ka ci, ka faɗa masa har da kwalbar man gyaɗan. Ka yi haƙuri, na tafi da ita a jakata, kada ka wahala nema.

Hansai ma ta bi darasin da kyau. Ɗazu ina yi mata wanka ta ce ta gane: man cikin gwangwani ne ke kashe mutum, wanda Baba ya zuba da hannunsa ba ya komai.

Kulu