Zuwa ga Isiyaku, Wanda na Koya wa Lissafin Jifa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da iyali. An ce a Hartum Is'haƙ ake kiranka, kuma injiniya ne kai. Ni Isiyaku na sani, ɗan Inna Hajo ta garin Abu Hujar, shi nake rubuta wa.

Ka tuna shekararmu ta ƙarshe a sakandare a Sinnar? Mu biyu kaɗai ne Hausawa a ajin. Da malamin kimiyyar fiziya ya kawo lissafin abin da aka jefa sama, sau biyu kana cin sifili. Ka ce mini gida za ka koma, tsinkar auduga ta fi maka.

Ni na ja ka bakin tur'a, wurin da ruwa ke shiga gonaki. Na ba ka hoge na ce ka jefa. Na nuna maka gudunsa kashi biyu ne: ɗaya na yin gaba, ba ya canzawa, ɗaya na yin sama, ƙasa na rage shi goma kowace daƙiƙa. In ya tashi da gudun mita ashirin a daƙiƙa, a kusurwar digiri talatin, goma ne ke hawa. Daƙiƙa ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Ka ninka biyun nan da gudun gaba, ka san inda zai faɗi. Sati uku muna wannan, har kafaɗarka ta yi tsami. Ranar da ka gane, rungume ni ka yi, ka ce, "Garba, ba ni da ɗan'uwa kamarka."

Dukanmu mun ci jarrabawa, kuma na fi ka maki, ka sani. Amma jami'a ba ta shiguwa sai da jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Kai ka riga ka samu, da sunan wata ƙabila da ba taka ba. Ban zarge ka ba. Abu ɗaya na roƙa: ka shaida a ofis cewa nan aka haife ni, nan aka haifi ubana.

Ka zo. Jami'in ya nuna ni ya tambaye ka. Ka dubi bango, ka ce da Larabci daga makaranta kawai ka san ni. Na yi maka Hausa, ka yi kamar ba ka ji. Isiyaku, akushi ɗaya muka ci tuwo tun muna tsirara! Tsoro ne, na sani. Amma shekara goma sha ɗaya ba ka samu rana guda ta ba ni haƙuri ba?

Ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Inna Hajo ta rasu ran Talata. Wasiƙa uku muka aika tana kwance, ba ka amsa ba. Duk wanda ya yi sallama sai ta tambaya ko kai ne. A ƙarshe ni ta riƙe wa hannu tana kiran sunanka, na amsa mata, don ba ni da zuciyar gaya mata gaskiya. Ni da ƙanenka Audu muka ɗauki makara.

Ban yafe maka ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma har yau in an zage ka a gabana, raina ɓaci yake yi. Ka zo ka ga kabarinta. In kunya ta hana ka shiga gidanku, ka sauka wurina.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta. Kai kuma Allah Ya ba ka ƙarfin halin dawowa.

Ni ne,
Garba