Takalmin da Ka Aiko wa Inna

Birni, Damagaram

Zuwa ga Yaya Mahamud,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Lubna da yara, ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa albarka a nemanka. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, har Kawu Kyari ya aiko mana da sabon gero daga Mirriya. Khalid ɗina ya koma karatu a lakwal, maigidana Suma'ila kuma yana nan yana fama da aikin biro, wato ofis.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon waya domin duk sanda ka kira, Inna tana kusa, maganar nan kuwa ba ta so ka ji. Zancen takalmin basket ɗin da ka aiko mata ne, mai ƙasa a lanƙwashe kamar gindin ƙwarya, wanda mai shago ya ce maka yana ƙarfafa ƙafa yana rage ƙiba ko a tsakar gida mutum yake zagaye. Ka sha tambayata ko yana aiki, ina ce maka sai a hankali. To yau ga amsar, da daɗinta da ɗacinta.

Ka sani tun rasuwar Baba, ko bayan ta fita takaba, Inna ba ta taka ƙofar gida sai in za a je auna mata jini. Daga ɗaki sai tabarma. Mun yi magana har mun gaji. Ranar da takalmin ya iso ta jujjuya shi tana dariya, ta ce da tsufanta za a mai da ita 'yar ƙwallo. Amma washegari da hantsi na iske ta zaune tana kokawa da igiyarsa. Ta ce ɗanta ya yi gumi ya saya, ba za ta bar wa gizo-gizo ya yi saƙa a ciki ba. Ta ja mayafi, ta ce in raka ta gidan Ya Kellu, ƙawarta ta tun ƙuruciya. Muka bi lungu tana tangaɗi kamar wadda ta hau raƙumi, hannunta a kafaɗata. Da suka haɗa ido da Ya Kellu sai kuka, suka tuna Baba, can kuma Ya Kellu ta dubi ƙafar Inna, kukan ya koma dariya. Daga ranar kusan kullum sai ta je. Ta fara cin abinci sosai, barcinta ya daidaita, likita ma ta ce jinin ya sauka. Ni kaina na fara yarda da mai shagon naka.

Sai dai tana kukan ƙwauri da idon sawu. Na ce ta huta, ta ce ai ciwon shi ne alamar magani yana shiga. Wata safiya, a gangaren nan na wajen duwatsu inda ruwa ya zaizaye hanya, ƙafarta ta gurɗe ta faɗi. Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Allah ya taƙaita, targaɗe ne ba karaya ba, amma ta yi makonni ba ta taka ƙafar. Likitar da ta duba ta ta ce ita dai ba ta san takalmin da ke narkar da kitse ba, tafiyar ce ta yi wa Inna amfani. Ta ce wataƙila matashi mai ƙarfin gwiwa ya ji daɗinsa a kan shimfiɗaɗɗen titi, amma tsohuwa a lungunan Birni gara ta sa mai shafaffen ƙasa, marar nauyi, mai riƙe diddige.

Na daɗe ina juya abin a raina. In na ce takalmin ya yi aiki na yi ƙarya, tunda shi ya kayar da ita. In na ce bai yi ba kuma na zalunce ka, domin abin da bakinmu ya kasa, kunyar kyautarka ce ta yi shi. Da ma an ce zumunta a ƙafa take, ashe lafiya ma haka. Yanzu ta warke, tana fita da wani mai sauƙi da Suma'ila ya samo mata a Kasuwar Dole, har ziyararta ta wuce gidan Ya Kellu. Shekaranjiya barkar suna ta je da ƙafarta.

Naka kuwa ta sa an wanke, yana ajiye a kan akwatinta. In ta ji za ka kira ta wayar hoto, sai ta yi maza ta zura shi, ta miƙe ƙafa yadda za ka gani. Ta hana ni gaya maka faɗuwar, wai kada ka kwana kana cewa kai ka jawo mata. Don Allah kada ka nuna ka sani. Abu biyu kawai nake roƙo. Takalmin da ka yi alkawarin aiko wa Ya Kellu, ka bar shi, ka sai mata turare. In kuma ka kira Inna, ka daina tambayarta takalmi, don kada ka sa tsohuwa yin ƙarya saboda sonka. Tambaye ta gidan wa ta je yau, za ka ji labari har kuɗin wayarka su ƙare.

Ka gaida Lubna da kyau, ka shafa mini kan Amina da Ali. Suma'ila da Khalid suna gaishe ka, haka Kawu Kyari da Gwaggo Fati. Allah ya sada mu da alheri, ya bar mana Inna.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Raliya