Ka Zo Ka Kwashe Kayanka, Malamin Ruwa

Zuwa ga Malamin jami'a da ya auna rijiyarmu a Maje,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali lafiya, ga ka-cici-ka-cici, tunda kai mai ilimi ne: wane baƙo ne ya sha guba don jikokina su rayu, amma yau ƙasa ba ta karɓarsa, wuta ba ta cinsa, ko akuya an hana ta gaishe shi?

Na ɗaya. Daminar bara ka zo da kwalabenka, ka ce akwai gubar dalma a ruwanmu, daga inda ake fasa tsofaffin batura a bayan gida. Shekara da shekaru ina sha ina hamdala, rana ɗaya ka hana ni.

Na biyu. Ka karɓi buntun shinkafata, wanda kaji ma ke rainawa, ka kai makarantarku aka jiƙa shi da magani, aka gasa. Ka zuba a duro muka riƙa tace ruwa. Ka sake aunawa ka ce dalmar ta maƙale a buntun. Har guɗa na yi, na ce na samu ango a tsufa.

Na uku. Ka ce idan buntun ya ƙoshi da guba kada in zubar a bola, kada in ƙona, kada in kai gona, za ka zo ka kwashe ka kawo sabo. To ango, ya ƙoshi tun kafin azumi. Na gwada gasa nawa a tukunya, sai na samu toka da tari. Ba ka faɗa mini maganin ba.

Yanzu rijiya na tsakar gidana, ina kallonta kamar suruka. Ranar da 'yan garuwa ba su shigo layinmu ba, jikata Ummi ta ce ƙishi, sai in tsaya da guga a hannu: in ba ta, na san abin da ke ciki, in hana ta, me zan ba ta? Maƙwabcina kuma ya matsa in ba shi buntun ya yi takin alayyafo.

Roƙona biyu ne: ka kwashe tsohon, ka koya mana haɗa sabon da hannunmu. Allah Ya ƙara maka ilimi, Ya haɗa maka da tuna hanya.

Wassalam.
Iya Lami, Maje.

Amsar ka-cici-ka-cicin kuwa buntunka ne, buhu uku. Yana ɗakina, na kulle, makullin na bakin zanina.