Baƙon da Ke Leƙo Shagon Iri

Dauphin, Manitoba
14 ga Janairu

Zuwa ga ƙanwata Lesia,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Graeme da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya sa aikin da aka yi miki shi ne ƙarshen wahalarta. Ni ma lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na san ku can New Zealand yanzu zafi kuke kuka da shi, mu kuwa dusar ƙanƙara ta binne shingen lambu har ba a ganin kansa. 'Yata Tamara ta zo Kirsimeti daga Calgary ita da mijinta, suka yi kwana uku suka koma. Tun da motarsu ta fita daga gonar nan, in ban da sawun kare da nawa, babu wani sawu a bakin ƙofata.

Abin da ya sa na zauna rubuto miki shi ne maganar shagon iri. Kin san shi, wanda marigayi Myron ya buɗe mana a intanet shekara tara da suka wuce, muna sayar da irin wake da tumatir da tafarnuwar da muka gada wurin Kaka. Ni ke shuka, ni ke shanya, ni ke ƙullawa a 'yan ambulan, shi kuma mijin nawa ya zauna gaban kwamfuta yana abin da ban taɓa tambayarsa ba. Tun da ya rasu ciniki ke ja da baya, bara kuwa sai a yi mako biyu ba a nemi ko ƙulli ɗaya ba. Da Tamara ta zo, ta zaunar da ni kamar ita ta haife ni, ta ce in lokacin sayen iri ya wuce bana ba a ga canji ba, in haƙura in sayar da gonar in koma kusa da su. Har ɗaki ta duba min, a hawa na shida. Na amsa mata zuwa ƙarshen Maris, don ba ni da bakin musu. Amma ke ki gaya min, ina ake shuka waken Kaka a hawa na shida? Iri kuwa in ya daɗe a kwalba bai ga ƙasa ba, mutuwa yake yi.

Tun kafin zuwanta na riga na kai kukana wurin Gwen, matar nan mai kula da ɗakin karatu na gari, wadda ta san kan kwamfuta. Ta ce shagona bai mutu ba, ɓuya ya yi. Wai in mutum ya rubuta yana neman irin wake a intanet, sai an wuce shafi takwas na manyan kamfanoni kafin a iso kaina, kuma babu mai zuwa shafi na tara sai wanda ya yi ɓatan kai. Ta ce akwai manhajojin da aikinsu ke nan, su nuna wa mai shago yadda zai matso gaba inda ido zai gan shi. Ta zaɓo min uku in gwada.

Ta farko irin ta manyan kamfanoni ce, ta biyan kuɗi duk wata. Ina buɗewa ta watso min zane-zane da lambobi har idona ya yi ruwa, ta kuma jero min sunayen waɗanda suka fi ni ciniki, kamar dama ban san su ba. Ta biyu ita ce ta ɓata min rai. Fitila take kunnawa a kan kowane shafi, kore in ta gamsu, ja in ba ta gamsu ba, kuma kaf shagona ta yi masa ja. Laifin me? Wai rubutun Myron ya yi tsawo. Kin tuna yadda ya rubuta labari a ƙarƙashin kowane iri, har da yadda Kaka ta ɗinke wake a bakin rigar sanyinta ta tsallako teku da shi. Wannan ne abin da aka ce in datse ya koma layi biyu. A ranar na cire ta, na ce ta je ta kunna wa wani fitilarta.

Ta uku kyauta ce, ba ta da iyayi. Tana nuna kalmomin da mutane suka rubuta kafin su faɗo shagon, sannan tana da taswira, duk wanda ya shigo sai ɗigo ya fito a kan garinsu. Ita na ɗauka. Na ce wa Gwen saboda kalmomin ne, amma ke ba zan ɓoye miki ba, taswirar ce ta ja ni.

Domin tun ranar farko na ga ɗigo a kan garinmu. Washegari ma haka, da safe da kuma yamma. Mutum ɗaya ne, ba ya fashi, ya shigo ya yi kusan rabin awa, kuma kullum a shafin waken Kaka yake zama. Bai taɓa sayen komai ba, ni kuma ban damu ba. Lesia, sai ga ni na koma kamar mai jiran baƙo. In na gama karin kumallo in ɗauki kofina, in buɗe shagon in duba ko komai na nan daidai, in zauna in karanta rubutun Myron tun daga farko, sannan in leƙa taswira. Sai in tarar ya zo. Har na kira Tamara ina mata burga, na ce ta daina yi min kallon wadda aka manta da ita, akwai mai zuwa wurina sau biyu a rana.

Na yi ta tunanin ko wane ne, har zuciyata ta tsaya a kan Halya, maƙwabciyata ta gonar arewa, wadda muka shekara huɗu ba ma ga maciji tun rigimar gasar tafarnuwa. Na ce lallai ita ce, kewa ta kama ta, girman kai ya hana ta ƙwanƙwasa ƙofa. Na gasa burodi, na ɗauki ƙullin wake, na tuƙa mota cikin sanyin nan na je. Na ce mata na san tana leƙo ni, ba sai ta ci gaba da ɓoyewa ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Orysia, tsufa ne ya fara taɓa ki? Ni da wayar hannuna ma in ta yi ƙara sai na nemo tabarau kafin in san inda ake dannawa. Kuma me zan yi da hoton wakenki, ga nawa nan ya fi shi ƙiba?” Ta karɓi burodin dai, ta ce in tafi haka nan ina shigo mata da sanyi.

Ranar Litinin na koma wurin Gwen in ji ko akwai hanyar gane mutumin. Ta daɗe tana duba abin, sannan ta tambaye ni ƙarfe nawa nake buɗe shagon. Na ce tara na safe da huɗu na yamma. Ta cire tabarau ta ajiye, ta dafa hannuna ta ce, “Orysia, ai ke ce.” Ta yi ta ba ni haƙuri, wai kuskuren kowane sabon mai shago ne, ita ce ta manta ba ta gaya wa manhajar ta daina sa kwamfutar gidana cikin baƙi ba. Nan take ta gyara. Na yi dariya a gabanta don kada ta ji nauyi, amma ina shiga mota na kifa kai a sitiyari. Mako biyar ina yi wa kaina maraba, har da gasa burodi. Ba kunyar ce ta fi ci na ba, ko da yake ita ma ta ci ni. Abin da ya fi min ciwo shi ne washegari da safe, da na buɗe taswirar na same ta fayau, tun daga wannan teku har wancan.

To, rashin sani ya fi dare duhu, yanzu dai ina ganin gaskiyar abin. A makon nan mutum huɗu suka shigo, na gaske, kuma ɗaya daga Oregon ya sayi ƙulli biyu. Abin da ya rubuta shi ne yana neman waken da ke nuna da wuri kafin sanyi ya sauko. Gwen ta ce irin waɗannan kalmomi zan riƙa sawa a saman kowane shafi, labaran Myron kuma su zauna a ƙasa yadda suke, ba mai taɓa su. Shafi biyu nake gyarawa a rana, da yatsa ɗaya. Ko zai isa kafin ƙarshen Maris, Allah kaɗai ya sani. Jiya na kira Tamara na gaya mata ko wane ne baƙon nawa, don ba na so in riƙe gonar nan da ƙarya. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ki gaishe min da Graeme, ki ce har yanzu ina jiran hoton kifin da yake cika baki ya kama. Ki gaida Petro da matarsa Moana, da ƙaramarku Larysa, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa.

Saura alfarma ɗaya da nake roƙo, kuma kada ki yi min dariya. Na san ba za ki sayi komai ba, tunda shigar da iri ƙasarku sai an sha wuya, kuma ba zan sa ki cikin abin da zan nuna wa Tamara ba. Amma in kin tashi ranar Lahadi da safe, kafin ki tafi coci, ki buɗe shafin waken Kaka ki ɗan zauna a kai ko na minti biyar ne. A nan lokacin ana Asabar da rana, zan kasance a gaban taswira da kofina. In ɗigo ya fito can ƙasa a kan garinku, wannan karon na san ba ni ba ce.

Taki har kullum,
Yayarki Orysia