Tambarin Gidan Bunu

Kirikasamma,
Lahadi.

Zuwa ga surukata Ummussalma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙarin haƙuri, ya mutanen Haɗeja? Mu nan sai godiya, ruwa ya janye, an fara yankan shinkafa.

Jikokina Abdulfattah da Khadija sun iso hutu lafiya, har da saƙonki. Wai kitse ya yi wa Abdulfattah yawa a jini, wai gadonsa ya yi, kada a ba shi man shanu, kullum ya haɗiyi ƙwaya. Ummussalma, yaron da ake ƙirga haƙarƙarinsa, ina ya ɓoye kitsen? Haka kika yi wa ɗana Tasi'u. Kika hana shi maiƙo, kika ɗaure shi da dafaffen kifi da zogale, har ya faɗi a gona bai cika arba'in ba. Mahaifinsa ma bai cika ba, amma shi da ƙoshinsa ya tafi.

Tabon nan ruwan ɗorawa da ke fatar idon yaron, da ƙululun agarar ƙafarsa, da likitanku ya kira ciwo, mu tambarin gidan Bunu muke ce masa. Kakansa na da shi, ubansa na da shi. Da na gani sai da zuciyata ta yi sanyi.

Ki gaida iyayenki.

Taki,
Iya 'Yar'azumi


Kirikasamma,
Alhamis.

Ummussalma,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji kukan da kika aiko, Allah Ya ba ki haƙuri.

Ga Khadija nan na sa ta a mota. Na tsayar da ita a rana, na duba idonta da ƙafarta, fes, babu ko ɗigo. Ni dai ban ce komai ba, ke kika san inda kika samo ta.

Abdulfattah kuwa ya zo gida ke nan, kawunsa Shu'ibu ya sa shi makaranta a nan. Kada ki wahalar da kanki da aiko magani, na farkon ma yana cikin kogi. Angon nawa yanzu tuwonsa iyo yake a man shanu, har kumatu ya fara.

Jiya ya dawo daga ƙwallo ya zauna a bakin zaure yana haki, hannunsa dafe da ƙirji, sak ubansa. Wallahi don daɗi har hawaye na yi.

Ki huta lafiya.

Mai ƙaunarki,
Iya 'Yar'azumi