Sanarwar Rasuwar Ziyad

Albarika, Parakou

Yaya Saratou,

Gaisuwa mai yawa, ya ƙarin haƙurinmu? Aboka, wato lauyana, ya hana ni maganar nan a waya, shi ya sa na ba direba takarda. Ranar da na karanta sanarwar rasuwar ɗanki Ziyad a rediyo, kin ji na ƙara da cewa piƙir, allurar da aka yi masa a kilinik, ita ta kashe shi. To mai kilinik ya maka ni a kotu, wai na ɓata masa suna, gidan rediyo kuma ya dakatar da ni. Ni ma na kai kuka kotun tsarin mulki a Kotonu. Shekara goma sha ɗaya ina karanta mutuwar mutane, sai ta ɗan yayata za a ce in yi shiru? Wallahi ba a isa ba.

Ƙanenki, Nouhou

Djougou

Nouhou,

Muna amsawa, haƙuri ya zama dole. Sanarwa na ce ka yi don dangi su ji, ban ce ka ƙara komai ba. Amma ba ƙarya ka yi ba. Yaron da ƙafarsa ya shiga, a bayana ya fito. Allah ya fid da kai.

Saratou

Parakou

Yaya,

Ina gaisuwa. Kotonu ta amsa bayan wata biyar. Sun ce baki nawa ne, ina da 'yancin magana, amma tsarin mulki bai ba ni ikon ɗora wa mutum kisa ba hujja ba. Hujja kuwa ba mu da ita, don kafin la'asar muka binne shi, babu likitan da ya duba. Aboka ya ce hanya biyu ce: ko ki yarda a tone kabari a gwada, ko in janye maganata a rediyo. In na ƙi duka, kaso ne, gidan yari. Kunya nake ji, Yaya, amma ina roƙonki.

Nouhou

Djougou

Nouhou,

Kwana uku ina riƙe da takardarka. Na san gaskiyarka tana cikin ramin nan, amma ba zan iya ba. An taɓa shi sau ɗaya, ya isa. Ka yafe mini.

Yayarka

Parakou

Yaya,

Na karanta janyewar jiya a rediyo, da Faransanci, da Dendi, da Hausa. Na ce zazzaɓi ne ya kashe Ziyad. Gidan rediyo ya ce in koma aiki ran Litinin. Ki gai da gida.

Nouhou